Na Gama Rubuta Littafina Na Farko, Ta Ina Zan Bi Ya Fito?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Na gama rubuta wani ƙagaggen labari a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita, da yadda ta koma karatu bayan auren ya mutu. A waya na rubuta shi, na kuma saki babi biyar na farko a wani zauren WhatsApp, mutane suka yi ta yabawa. Yanzu burina in gan shi a takarda. Wani ya ce in kawo kuɗi ya buga mini kwafi 1,000. Wani kuma ya ce in sayar masa da labarin baki ɗaya, ya ba ni kuɗina a hannu. Ban san kowa a harkar ba. Wace hanya ce daidai, kuma ta ina ake farawa?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Masu fara littafi suna da yawa, masu kai shi ƙarshe kaɗan ne, ke kuwa kin kai.

In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na ɗaya, wanne za ki karɓa cikin tayin nan biyu. Na biyu, wane mataki ne ke zuwa bayan an rubuta "Alhamdu lillahi" a shafin ƙarshe. Amsata a taƙaice ita ce kada ki karɓi ko ɗaya daga cikinsu a yadda suke yanzu. Mai cewa ki kawo kuɗi ya zo da wuri, domin rubutun da ya fito daga waya jiya bai isa shiga inji ba tukuna. Mai cewa ki sayar kuwa yana neman abin da ya fi kuɗin da zai ba ki daraja. Ga dalilaina.

Mai inji daban, kamfanin wallafa daban

Yawancin asarar da na ga sababbin marubuta sun tafka daga nan ta samo asali. Mai maɗaba'a ɗan kasuwa ne mai inji. Abin da kika miƙa masa shi zai buga, da kurakuransa da komai, ya ƙirga miki kwafinki, ki biya, ku rabu lafiya. Ba ruwansa da ko labarin ya yi armashi, ba ruwansa da ko za a saya. Kamfanin wallafa kuwa shi ne mai karanta rubutu ya karɓa ko ya mayar, ya sa edita ya gyara, ya tsara shafuka da bango, ya biya maɗaba'a daga aljihunsa, ya kai littafin kasuwa, sannan ya riƙa ba marubuci wani kaso na ciniki, wanda bisa al'adar harkar yakan kama wajen kashi 10 cikin 100. Ki lura da inda kuɗi suka dosa. A wurin kamfanin wallafa na gaskiya, kuɗi daga kamfani suke zuwa hannun marubuci. Duk wanda ya ce ke za ki biya, ko me ya rubuta a allon shagonsa, aikin maɗaba'a zai yi miki ko dillancinta. Sana'a ce ta halal, ba na kushe ta. Illa dai ki san abin da kike saye, kada ki biya kuɗin bugu kina zaton har da gyara da talla a ciki.

To me ya sa ba za a ce ki nemi kamfanin wallafar kawai ba? Domin a ƙagaggen labarin Hausa wannan ƙofa ta daɗe da ƙuntata. Da can tana nan. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar da ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin wallafa littattafai na Arewa, wato NNPC na Zariya, a 1966. A wancan zamani marubuci rubutu ne nasa, hukuma ko kamfani ke ɗaukar sauran nauyin. Ta gasar NNPC ɗin ce ma littafin Hafsat Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, ya fito a 1980, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada. Manyan kamfanoni suka ja da baya suka maƙale wa littattafan makaranta, inda ciniki yake da tabbas.

A daidai lokacin kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa masu iya karatun Hausar boko, suna neman abin karantawa. Ganin ba mai buga musu, sai marubuta suka shiga bugawa da kansu. Haka aka samu ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, da marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, da 'yar garinku Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Masana suka kira abin adabin kasuwar Kano, wasu da yabo wasu da raini, amma shi ya riƙe karatun Hausa shekara da shekaru. Abin da nake son ki ɗauka daga wannan tarihi shi ne, buga littafi da kuɗin kai ba abin kunya ba ne a wurinmu, ita ce babbar hanyar da kusan kowa ya bi. Sai dai duk wanda ya bi ta, ya zama shi ne kamfanin kansa. Aikin edita da na mai tsara shafi da na mai kai kaya kasuwa duk sun dawo wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ban ce kada ki ƙwanƙwasa ƙofar kamfanoni ba. In kin samu wanda yake karɓar ƙagaggen labarin Hausa, ki aika masa taƙaitaccen bayanin labarin a shafi ɗaya, da babi uku na farko, da 'yar wasiƙa mai bayyana ko ke wace ce. Ki yi haƙurin watanni. Amma kada ki jingina burinki a kan hakan kaɗai.

Batun sayar da labari baki ɗaya

Wannan tayi ya fi na farkon jan hankali, domin shi kaɗai ne ba ya neman sisinki. Shi ne kuma ya fi ba ni tsoro.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ki mallakar labarinki tun daga ranar da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba. Mallakar tana nan tsawon rayuwarki, ta kuma ci gaba a hannun magadanki shekara 70 bayan rasuwarki. Kuma ba haƙƙi ɗaya ba ne, haƙƙoƙi ne a dunƙule: na bugawa a takarda, na sayarwa ta intanet, na karantawa a rediyo ko YouTube, na mayar da shi fim, na fassara shi zuwa wani harshe. Wanda ya ce "ki sayar mini da labarin" ba tare da ya fayyace ba, duka yake nufi. Na san marubuciyar da ta karɓi kuɗin da ba su wuce na ɗinkin sallah ba a kan labarinta na farko, bayan 'yan shekaru ta ji ana karanta shi a wata tasha ana saka tallace-tallace a tsakiya, ba ta da bakin magana. Kada ki ce wa zai fassara littafin Hausa. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, sama da shekara 20 bayan fitowarsa. Ba wanda ya san inda labari zai kai.

In mutumin da gaske yake, akwai hanyar da za ku daidaita ba tare da kin rabu da mallakarki ba. Ki ba shi izinin bugawa, ba mallaka ba. A rubuta a takarda cewa izinin na bugun takarda ne kaɗai, na kwafi kaza, na tsawon shekara kaza, bayan nan haƙƙi ya dawo gare ki. A rubuta nawa zai biya, da yaushe, da kwafi nawa zai ba ki kyauta, da cewa sunanki ne a bango kuma ba zai sauya komai a labarin ba sai da yardarki. Ku sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Doka ma ba ta amince da miƙa mallaka da fatar baki ba, sai a rubuce. Ni edita ne, ba lauya ba, saboda haka in takardar ta wuce shafi ɗaya ko ta zo da Turancin da bai fito miki sarai ba, ki kai wa lauya ya duba kafin ki sa hannu. In kuwa mutumin ya ji maganar takarda ya fara cewa ai ba a haka tsakanin 'yan'uwa, to kin samu amsarki.

Aikin da ya rage a jikin rubutun

A nan zan daɗe, domin nan ne littafin farko yake tashi ko ya faɗi.

Ban karanta labarinki ba, ba zan yanke masa hukunci ba. Amma rubutun da aka saba saki babi-babi a waya yana da wasu halaye da nake gani kusan kullum a teburina. Mai rubutu a zaure yana rubutu ne don ya riƙe mutane zuwa gobe, sai ya riƙa jan magana. A yi shafi biyu ana kwatanta leshi da sarƙa da turaren da tauraruwa ta fesa, a yi wasu ukun ana gaisuwa da tambayar mutanen gida. A manta an ce mahaifinta ya rasu a babi na 4, sai ga shi yana ɗaura aure a babi na 19. Yarinyar da aka ce shekararta 13 ta riƙa magana da bakin 'yar jami'a. Mai karatu a waya yakan yafe wannan, domin kyauta yake karantawa, kuma ya manta abin da ya gani makon jiya. Wanda ya cire kuɗinsa ya sayi littafi ya zauna da shi dare ɗaya ba ya yafewa.

Don haka ki fara da ajiye shi. Ki mayar da shi kwamfuta, ki adana kwafi a wuri biyu ko uku, ki aika wa kanki ta imel don ranar ta zama shaida, sannan ki rabu da shi wata guda cur. In kin dawo, ki buga shi a takarda ki karanta da ƙarfi, da jan biro a hannu. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Duk wurin da kika ji kin ƙosa ki wuce, mai karatu ma zai ƙosa, ki yanke shi. A ganina rubutun farko da bai rasa kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa a wannan mataki ba, ba a matsa masa yadda ya kamata ba.

Sannan ki karanta abin da aka riga aka rubuta a kan jigonki. Cire yarinya daga makaranta a aurar da ita ba sabon jigo ba ne a adabinmu. Balaraba ta taɓa shi a Wa Zai Auri Jahila? tun 1990. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, matsalar ai ba ta ƙare ba. Dalili ne na ki tambayi kanki me kika gani da ba a faɗa ba. Ke malamar aji ce. Kin san kujerar da take zama fayau bayan hutu, kin san yadda sauran yara suke amsawa in an kira sunan a rajista, kin san me uwa take cewa in ta zo karɓar takardar shaida. Wannan sanin shi ne jarinki, kuma shi nake fatan gani a littafin fiye da wa'azi a bakin tauraruwa.

Yabon zauren WhatsApp yana da daɗi, yana kuma ƙarfafa gwiwa, amma ba ma'auni ba ne. Ki nemi mutum uku da ba sa jin kunyarki, waɗanda suka saba karatu, ki ba su littafin duka. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ki tambaye su a wane shafi suka ajiye shi suka tashi, wane mutum ne a ciki ba su yarda da shi ba, me suka zata zai faru a ƙarshe. Ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma akan yi zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a yi masa sharhi. Akwai kuma ƙungiyoyin marubutan Hausa a garuruwa da dama. Ki shiga ɗaya. Maganarki ta cewa ba ki san kowa ba a nan za ta ƙare, kuma a nan ne za ki ji wace maɗaba'a ce ke cika alkawari a bana, wane dila ne ke biya.

Bayan gyaran labari sai gyaran ƙa'idar rubutu, kuma aiki ne daban da ke bukatar mutum daban. Hausar waya ta ɓata mana hannu ƙwarai. Ana rubuta "tace" a inda ake nufin "ta ce", alhali "tace" aikin rariya ne. Ana haɗe "ba ta" ya koma "bata", a kuma cire ƙugiya daga "ɓata" ya koma "bata", kalma uku su zama ɗaya. "A kan tebur" daban, "akan yi haka" daban. "Yana" da "suna" da "yakan" a haɗe suke, "shi ne" da "ita ce" a rabe. "Kafa" ba "ƙafa" ba ce, "kasa" ba "ƙasa" ba ce. An yi tarurruka a kan waɗannan ƙa'idoji, har da na Yamai a 1980 da ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana nan don dubawa. Ki samu wanda ya karanci Hausa, ko malami a kwalejin ilimi ko ɗalibin babban digiri a sashen harsuna na Zariya ko Kano ko Katsina ko Sakkwato, ki biya shi ya bi rubutun layi-layi. In kuɗinki ba za su isa edita da bango mai ƙyalli a lokaci ɗaya ba, ki biya edita. Littafin da ƙa'idarsa ta lalace ba zai shiga aji ba, ba zai ci gasa ba, manazarta ba za su waiwaye shi ba.

In an zo maɗaba'a

Yanzu mu koma ga mai kwafi 1,000. Dalilin da ya sa ya ambaci wannan adadi ba ɓoyayye ba ne. A babban inji sai an yi fileti, wato farantin da ake ɗora hoton rubutu a kai don bugawa, na kowane rukunin shafuka, kuma kuɗin filetin ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 5,000. Saboda haka yawan kwafi yana rage kuɗin kowane ɗaya. Lissafinsa daidai ne. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne wa zai sayi dubun. Na shiga gidajen marubuta na ga katan-katan a ƙarƙashin gado, damina ta bi ta kansu, gara ta gama da sauran. Kwafin da ba a sayar ba, kome arahar bugunsa, asara ne.

Yanzu akwai injinan da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da fileti ba. Kowane kwafi ya fi tsada, amma za ki iya buga 50 ko 100 ko 200. Ga littafin farko wannan nake ba da shawara. In sun ƙare ki sake bugawa, kin kuma samu damar gyara kurakuran da masu karatu suka nuna miki. In buƙata ta yi yawa har ta kai ga babban inji, wannan labari ne mai daɗi, kuma a lokacin da kuɗin ciniki za ki biya, ba da albashi ko kuɗin adashi ba.

Ba zan faɗa miki farashi ba, domin takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da mafi yawanta. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, saboda haka farashin yana bin dala, na wannan wata daban da na wancan. Ki tambayi maɗaba'a uku, a Zariya ko Kaduna ko Kano, ki ba kowacce bayani iri ɗaya don ki iya kwatantawa: girman littafi, wanda galibi A5 ne, yawan shafuka, nauyin takardar ciki, giram 60 ko 70, kaurin bango da ko za a yi masa leda, da ko ɗinkin waya za a yi ko gam. Littafi mai kauri gam yake so, kuma gam marar kyau shi ke sa shafuka zubewa tun karatun farko, don haka ki ce a nuna miki wani littafi da suka yi, ki buɗe shi sosai ki gani. Ki sa mai tsara shafi ya daidaita yawan shafukan ya zama ninkin 8 ko 16, domin a haka ake ninke takardar, ragowar kuwa biya za ki yi ko da farare ne.

Abu biyu kada ki sassauta a kansu. Ki miƙa aikin a PDF, domin haruffa masu ƙugiya sukan rikiɗe su koma akwatuna ko alamar tambaya in an buɗe rubutu a wata kwamfutar. Kuma kada ki yarda a tayar da inji sai an fitar miki da kwafi ɗaya na gwaji, kin karanta shi daga bango zuwa bango, kin sa hannu. Kuɗi kuma kada ki biya duka a gaba. Wani kaso a fara, cikon ranar karɓar kaya, da rasit.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba littafi, a wurin Laburaren Ƙasa ake samunta, yana kuma da ofisoshi a jihohi. Ki nema da kanki. In mai maɗaba'a ya ba ki daga cikin nasa, a rajista shi ne mawallafin littafin, ba ke ba. Doka ta kuma wajabta kai wa laburaren kwafi 3 na duk littafin da aka buga. Ki kai, domin ta haka littafinki zai shiga kundin ƙasa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar rajistar ayyuka, ba wajibi ba ce, amma takardarta hujja ce in rigima ta taso. In kuma kina son littafin ya shiga kasuwar Kano, ki sani Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan littattafan da ake sayarwa a can. Ki tambayi marubutan Kano ƙa'idar da ake bi a yanzu tun kafin ki buga, ba bayan kin buga ba.

Wa zai saya?

Wannan tambaya ya kamata ta riga zuwa maɗaba'a. Kasuwar littafin takarda ba kamar shekarun 1990 take ba, lokacin da diloli a Kano ke ɗaukar littafi su raba shi har Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi. Waya ta janye masu karatu da yawa, shagunan haya sun ragu. Dilolin da suka rage galibi ajiye kaya suke karɓa, sai an sayar su biya, bayan sun cire la'adarsu. In za ki ba dila, ki ba shi kaɗan, a rubuta adadi da farashi da ranar lissafi. Wajen sa farashi, ma'aunin da nake bi shi ne kuɗin buga kwafi ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na farashin bango. Kashi na biyu na dila ne da sufuri, na ukun ne zai mayar miki da kuɗin edita da mai zanen bango, in da saura shi ne ribarki. In lissafin ya ƙi fita a haka, ko littafin ya yi kauri da yawa ko bugun ya yi tsada, sai a koma a duba.

Amma ke kina da abin da marubutan da can ba su da shi, wato zauren nan da ya karanta babi biyar yana jiran na shida. Su ne kasuwarki ta farko. Ki daina sakin sauran babin. In gyara ya kammala, ki sanar da su ranar fitowa, ki buɗe rajistar masu so, wanda ya biya tun kafin bugu ki yi masa ragi. Adadin waɗanda suka tura kuɗi, ba waɗanda suka ce "Allah ya kai mu" ba, shi zai gaya miki kwafi nawa za ki buga. Ki riƙe amanar kuɗin nan da kyau, ki cika ranar da kika ɗauka, domin sunan marubuci a wannan harka da wuyar gyaruwa in ya ɓaci.

Sayarwa ta intanet hanya ce ta gaske, marubuta mata da yawa suna samu da ita, ta zaurukan biya ko manhajoji irin su ArewaBooks. Illarta biyu. Mutum ɗaya ya saya ya watsa wa ɗari, kuma hana wannan gaba ɗaya yana da wuya. Sannan manhaja ba ta da tabbas. OkadaBooks da marubutan Hausa da dama suka dogara da ita ta rufe a 2023. Don haka kada asalin rubutunki da lambobin masu karatunki su zauna a hannun wata manhaja kaɗai. Ni da zan zaɓa miki, takarda ta fara fita, na intanet ya biyo baya bayan wasu watanni.

Kada ki raina gasa. Ta gasa adabin nan ya fara, har gobe kuma ita ce hanya mafi sauri da sabon suna ke fitowa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta gajeren labari ce, ba za ta karɓi littafinki ba, amma za ki iya rubuta mata wani daban, kuma matsa labari cikin 'yan kalmomi horo ne da zai amfani littafin. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ma tana shirya gasar littattafan Hausa. Ki karanta sharuɗɗan kowace gasa tun kafin ki buga, domin wasu ba sa karɓar aikin da ya riga ya fita ko'ina, har da zauren WhatsApp.

Kasancewarki malama kuma wata dama ce. Labari irin naki yana iya dacewa da 'yan sakandare. Shigar da littafi jerin waɗanda ma'aikatar ilimi ta amince da su doguwar hanya ce, ba ta littafin da ya fito jiya ba, amma makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya sukan zaɓi littafin karatu da kansu. Ki kai wa shugabannin makarantu da malaman Hausa kwafi, ki bar su su karanta.

Saura ƙaddamarwa, tunda na san za a ba ki shawararta. In kina da mutanen da za su zo su saya da daraja, tana iya mayar da kuɗin bugu a yini ɗaya. Amma kuɗin zaure da abinci da katin gayyata sukan cinye abin da aka tara, alkawuran da manyan baƙi ke yi a lasifika kuma ba duka ake karɓowa ba. In za ki yi, ki yi ta a harabar makarantarku ranar Asabar, da abokan aiki da iyayen yara da 'yan ƙungiyar marubuta, a karanta babi ɗaya a ji. Ki ware kwafin kyauta tun farko, na iyaye da na edita da na laburare da na masu sharhi, ki rubuta adadinsu. Duk wanda ya zo bayan sun ƙare, ko ɗan'uwa ne, ki gaya masa farashi cikin fara'a.